Yarinyar Katun Mai Sunan Babanku

Na san abin da aka gaya muku, tun kuna ƙanana ake ɗura muku shi kamar koko. An ce uwarku ta je Chana idonta ya buɗe, ta shiga fim, ta kama sunan ubanku gatsal ta zage shi a talabijin duniya na ji, da aka ce ta ba da haƙuri kuma ta zaɓi katun ta bar aurenta. Baffanku Alhaji Sabo ne ya tsara labarin, kuma ya iya tsari, ba zan hana shi wannan ba. Yanzu furfura ta gama da kaina, gwiwa ta fara yi mini gardama, babu sauran wanda nake shakka sai Allah, don haka zan faɗi nawa. Kada wanda ya buɗe shafin nan yana jiran in roƙe shi gafara. Abin da ya faru zan faɗa, ku yanke hukuncin da kuka ga dama.

A shekarar da nake magana muna zaune a Guangzhou, a wani bene da ke bayan titin Huanshi, ɗaki da falo, ni da Babanku. Ku kuna Kano wurin Hajiya kakarku saboda makaranta. Shi yakan fita tun da safe ya bi 'yan kasuwar da suka zo sari, ya kai su shago-shago, ya yi musu ciniki, ya tara kayan ya bi su har tashar jiragen ruwa ta Huangpu a loda a kwantena. Ni kuwa aikina tukunya. Tuwon shinkafa da miyar kukar da ake kawo mana garinta a jaka daga gida, in zuba a kuloli, a zo a ɗauka wa baƙi. Idan na wanke tukunya sai in zauna in sa wa bango ido. Ni da na koyar da Turanci a aji, na yi shirin yara a rediyo kafin aure, sai ga ni ina wuni ban yi magana da kowa ba, in ba maƙwabciyata Hajiya Mariyama 'yar Maraɗi ta leƙo aron daddawa ba. Ban taɓa kai ƙara ba, amma zaman nan yana cina.

Kun san muryata. Tun ina budurwa ake ce mini mai muryar gardi, in na yi sallama a zaure matan gida har mayafi suke jawowa. Ita ce ta jawo komai. Wata rana na je manyan shagunan sari na Liuhua in saya muku takalman sallah, mai shagon ya ba ni ƙafar hagu biyu, da na dawo masa da su ya dinga kaɗa mini hannu yana "meyo, meyo", wato babu. Na kuwa buɗe masa wuta da Turanci, benen gaba ɗaya ya juyo. Ina fitowa sai ga wata 'yar guntuwar mata 'yar Chana mai tabarau ta biyo ni da gudu-gudu. Na ɗauka 'yar'uwarsa ce ta zo rama masa, har na gyara tsayuwa. Ashe aiki ta zo ba ni. Sunanta Madam Lin, tana da ƙaramin sutudiyo kusa da tashar jirgin ƙasa, inda suke sayo izinin finafinan katun na Japan su ɗora musu muryoyin Turanci, a buga a faifai a sayar a ƙasashenmu da wasu wurare. Ta ce ta daɗe tana neman wanda zai yi mata muryar wani yaro.

"Ni mace ce, kina gani," na ce mata.

"Shi ya sa," in ji ta. "A wannan sana'ar mata ne ke yin muryar yara maza. Yaro na gaske muryarsa fashewa take kafin a gama fim. Taki ta riga ta fashe."

Na gaya wa Babanku, ya ce in je, ai ya fi zaman banza. Ku riƙe wannan. Da izininsa na taka ƙofar sutudiyon nan.

Ɗakin aikin bai fi banɗaki girma ba, an lulluɓe bangonsa da soso. A ɗora miki abin sauraro a kunne, ga makirfo a gabanki, ga allo, Madam Lin na bayan gilashi da mai na'ura. Mutane suna ɗauka karatu kawai ake yi. Ina! Bakin yaron ake bi. Idan ya buɗe baki sau uku, maganarki ma gaɓa uku ce, ba ƙari ba ragi, in ya rufe kina magana an ɓata, sai a sake. In ya faɗo daga bishiya ke ce mai ihu, in ya ci shinkafa ke ce mai tauna, in ya yi gudu ki yi ta haki a tsaye har jiri ya ɗebe ki. Yaron sunansa Kenta, ɗan masunta ne a wani gari na bakin teku, ga rashin ji ga zuciya, bai san ja da baya ba. Na so yaron nan. Duk abin da na haɗiye a benen can, a bakinsa nake amayar da shi. Kuma na san faifan a kwantena zai tafi Kano, wata rana za ku kunna ku ji uwarku tana magana a ɗakin kakarku, ko da ba ku gane ta ba.

Ba a yi nisa ba aka kawo wurin da ƙawarsa za ta shigo labarin, wata yarinya mai manyan idanu da jan ribom a ka, wadda kullum sai ta jefa kanta a rigima shi kuma ya bi ta yana kira. Na duba takardar maganata na ga sunanta, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Sunan yarinyar Haruna. Ku lura, sunan yarinya na rubuta a nan, ba na kowa ba. Ku 'yan zamani kuna iya yin dariya, na ji yadda matanku ke kiran mazajensu kamar suna kiran ƙaninsu. Mu ba haka aka rene mu ba. Tun ranar da aka kai ni ɗakin Babanku sunansa bai taɓa hawa harshena ba, ko a bayan idonsa. Ko mai shayin unguwarmu da yake takwaransa, "mai sunan Alhaji" nake ce masa. Allo ya yi ta tafiya, yaron ya buɗe baki ya rufe, ni ko uffan.

"Makirfon ne ya lalace?" in ji Madam Lin.

"Ba zan iya faɗin sunan nan ba."

"Ba shi da wuya. Ha, ru, na."

"Na fi ki iya shi, Lawban. Sunan mijina ne."

Lawban shi ne maigida ko uwar ɗaki a bakin Canisawa, haka kowa ke kiranta. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce mijin nawa sunan mata gare shi? Na ce sunan Annabi ne, ta ce a Japan kuwa sunan 'yan mata ne. Na yi mata bayanin al'adarmu, ta saurara tsaf, ba ta yi mini dariya ba, Allah Ya sani. Amma ta ce ba a canza suna, yana cikin sharaɗin masu fim ɗin, ga shi ma an rubuta a jikin jakar yarinyar. Na tattara na dawo gida da niyyar na bar aikin ke nan.

Washegari da safe Babanku yana shan shayi ya ga ban shirya ba, ya tambaye ni. Na yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe na ce akwai wata yarinya a fim ɗin mai irin sunansa, kuma yaron sai ya yi ta kiranta, wani lokaci har da faɗa. Wallahi dariya ya yi har shayi ya sarƙe shi.

"To ni 'yar Japan ce, Saude? Ki kira ta mana. Sai dai ki riƙa sassauta mata, kin ga takwarata ce."

Haka ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Babu shaida sai kofin shayi, wannan ce kawai asarata. Na koma sutudiyo, na ƙura wa jan ribom ɗin nan ido, na kira ta. Daga nan bakina ya saba. Muka yi fim na farko, muka yi na biyu, faifai ya shiga kasuwa, saura na ƙarshe wanda zai rufe labarin.

A wani gidan abinci na 'yan Arewa da ke saman bene a Huanshi abin ya fashe. Ba na wurin, mijin Mariyama ne ya ba mu labari. 'Yan kasuwa sun cika ana cin tuwo, an kunna wa 'yar mai gidan abincin katun a talabijin don ta yi shiru. Can sai yaron fim ɗin ya kwarara kira, "Haruna!" Babanku na riƙe da loma, ya juyo firgigit ya ce, "Na'am?" Muryar da ya kwana ya tashi da ita shekara da shekaru, jikinsa ne ya amsa kafin hankalinsa. Kafin a gama kallonsa yaron ya ɗora da maganar da ke nufin ke wawiya ce. To a nan Turanci ya cuce ni. Da da Hausa ne, ana jin "ke" magana ta ƙare. Shi kuwa Turanci kalma ɗaya gare shi, "yu", mace da namiji duk ita ce. Masu ɗan jin Turanci suka fassara wa marasa ji cewa an ce kai wawa ne. Wani ya ce ai kamar muryar matarsa. Wuri ya kaure da dariya. Daga ranar, in ya wuce ta gaban shaguna sai wani ya maƙale murya daga bayansa ya kira sunan, har a Huangpu wurin lodi an yi masa. Bai taɓa zuwa gida ya ce mini ga abin da ake yi ba. Na dai ga ya rage cin abinci, ya daina tsokanata da takwararsa.

Ana haka Baffanku ya sauka, ya zo sarin kayan azumi. Shi ne babba, shi ya rene Babanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya turo shi Chana, in ya yi tari Babanku sai ya miƙe tsaye. Labari ya riga ya kai masa tun a Kano, har ya je ɗakin Hajiya ya ƙwace faifan daga hannunku ya karya, na san manyanku ba su manta ba. Ko ruwan da na kawo bai sha ba, ya ce in zauna.

"Saude, ashe abin da kike yi ke nan? An kawo ki ki riƙe masa gida, kin koma 'yar wasa? Matar aure, muryarki a kowane shago, kina kiran mijinki gatsal kina ce masa wawa?"

"Yaya, ba shi na kira ba. Yarinya ce, da ribom ɗinta a ka."

"Yarinya? A gidan uban wa aka taɓa raɗa wa mace wannan suna?"

"A Japan, Yaya. Can ma mutane ne, suna haihuwa."

"Ka ji ta ko? Ka ji abin da nake gaya maka?" Ya juya ga Babanku, sannan ya dawo kaina. "To ki buɗe kunne. Daga yau babu ke babu wurin nan. Ranar Juma'a kuma bayan an sauko, zan tara dattawanmu a falon nan, ki durƙusa ki ce ba da saninsa kika yi ba, a ɓoye kike fita, ki roƙe shi gafara. Shi ke nan an wanke shi, kowa ya kama bakinsa."

Ina so ku fahimci wurin nan da kyau, don a nan aka murɗe muku labarin. Da barin aikin kawai aka nema, da na roƙi a bar ni in ƙarasa fim ɗin da na yi alkawari, daga nan in ajiye, ko raina bai so ba. Amma abin da Baffanku yake so shi ne in durƙusa gaban maza in ce ni maƙaryaciya ce mai satar fita, in ɗauki suna irin wannan in yafa, ku ma ku gada, don a daina yi wa ƙaninsa dariya a gidan tuwo. Na dubi Babanku. Ina da yaƙinin zai yi magana, mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba.

"Alhaji, ka gaya wa Yaya abin da ka ce mini."

Ya sunkuyar da kai yana kallon darduma.

"Alhaji, ka ce in kira ta, takwararka ce. Ko ba ka faɗa ba?"

"Saude," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ki yi abin da Yaya ya ce a wuce wurin."

Bai ce na yi ƙarya ba, bai kuma ce na faɗi gaskiya ba. Wannan shirun ya fi mini duk zagin Baffanku ciwo. Na ce musu ba zan durƙusa in faɗi abin da ban yi ba, ko dattawan Kano gaba ɗaya za a ɗauko a jirgi. Na ce gobe ne ɗaukar ƙarshen fim, kuma zan je.

Da gari ya waye na yi tuwona kamar kullum, na zuba wa baƙi a kuloli, na ajiye musu nasu a falo, don kada a ce na bar mutane da yunwa. Na sa hijabina na ɗauki jaka. Baffanku ya dubi Babanku ya ce in ya bari na fita to shi ba namiji ba ne, kuma ya nemi wani yayan. Babanku ya miƙe, bai iya kallona ba.

"In kika fita ƙofar nan, a bakin aurenki."

Na tsaya, na ba shi lokaci ya janye. Bai janye ba. Na buɗe ƙofa na fita, ban buga ta ba, a hankali na ja ta. A kan matakala na tarar da Mariyama, ta ji komai ta bango.

"Saude, ina za ki tahi? Koma ki hwaɗi abin da suka so, mi zai rage miki? Aure ya hi katun, wallahi."

"Ba katun ba ne, Mariyama. So suke in ce ni maƙaryaciya ce."

Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta danƙa mini.

"To, bon. Ɗakin ɗiyata ba kowa ciki. In kin gama ki taho nan."

A ɗakin nan na yi idda, bango ɗaya tsakanina da Babanku, ina jin tarinsa yana jin nawa. An zo biko, ba zan ɓoye ba, amma da sharaɗin nan dai na durƙuso gaban dattawa, na ce a gaishe su. Da bizata ta ƙare na dawo Kano na koma aji. Ku kuwa aka kwashe ku zuwa gidan Baffanku, ganinku sai da sallah, a zaure, kamar mai zuwa bara. Na yi kuka, na yi kewarku har ta kwantar da ni a asibiti. An yi bukukuwanku wata ce ta zauna a mazaunin uwa, ni ina can baya cikin 'yan gayya. Duk na sani, ba sai an lissafa mini abin da na rasa ba, ni na rasa shi. Amma da za a mayar da ni bakin ƙofar nan, fita zan sake yi. Babanku kuma ban tsane shi ba, kada ku ɗauko wannan daga bakina. Mutumin kirki ne da tsoron yayansa ya fi ƙarfinsa, har ya koma ga Allah bai iya buɗe baki ya wanke ni ba. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa tuni, yafewar ce dai ba ta zama ƙarya ta koma gaskiya ba.

Saura in gaya muku abin da ya faru a sutudiyo ranar da na fita. Na isa idona a bushe, ban gaya wa kowa komai ba. Madam Lin ta ce saura wuri ɗaya mu rufe. A ƙarshen labarin iyayen yarinyar za su bar garin, an sa ta a jirgin ruwa, shi kuma yaron taurin kai ya hana shi zuwa sallama saboda sun yi faɗa. Sai da jirgi ya ɗaga ya zo a guje, ya kai ƙarshen gadar katako, babu sauran wurin takawa. Babu wata magana a takardar sai sunan. Bakinsa zai buɗe sau uku, na ƙarshen ya daɗe a buɗe har jirgin ya ƙanƙance.

"Kada ki yi daga maƙogwaro," in ji Madam Lin. "Daga ciki."

Aka saki allo. Na yi hakin gudun, na kai ƙarshen gadar tare da shi. Na nemi jan ribom ɗin da na saba kallo, jirgin ya yi nisa, ba a ganin kowa a ciki. Abin da na gani mutum ne a tsaye a falo, ya kasa kallona. Na buɗe baki na kira shi, da duk muryar da Allah Ya ba ni, har sai da numfashina ya ƙare. Madam Lin, matar da takan sa a maimaita atishawa har sai hanci ya yi ja, ba ta ce a sake ba. Ta cire tabarau ta ce an gama.

To kun ji. Duk kiran da Baffanku ya tara ya kafa hujja da su, yarinya nake kira, a kan wannan zan mutu. Na ƙarshen nan ne kaɗai na Babanku, sau ɗaya a duk rayuwata, kuma a lokacin ya riga ya sake ni da bakinsa. Baffanku bai taɓa jin wannan ba, don bai bari faifan ya shiga gidansa ba. Ku nemo shi, ku da kuka iya tono komai a waya, ku wuce can ƙarshe ku saurara. In kun ji zagi a ciki, ku zo ku faɗa mini a gaban idona, ina nan ban mutu ba.